Kyamarar da na sayo a Jidda da hotunan da ke salwanta a hannunmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zai ɗan yi tsawo, in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun watan jiya. Ni tsohon malamin tarihi ne a makarantar sakandare a nan Kano, na yi ritaya. Ban taɓa cin ko kwabo da sana'ar hoto ba, amma na yi shekara biyar ba na fita ba tare da kyamara a aljihun riga ba, kuma abin da ya same ni na tabbata ya sami dubban gidaje, sai dai ba su duba ba tukuna.

'Yar autata ce ta tayar da zancen. Ta zo hutu daga jami'a, muna zaune bayan sallar isha'i ta ce, "Abba, wai ina ƙaramar kyamarar nan taka mai ruwan toka?" Na ce me za ki yi da ita, ga waya a hannunki? Ta ce yanzu irinta ƙawayenta suke nema ruwa a jallo, domin waya tana yi wa fuska kwaskwarima har mutum ya kasa gane kansa, su kuwa tsofaffin kyamarorin yadda kake haka suke fito da kai. Washegari na buɗe akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun shaida, na same ta a can ƙasa naɗe cikin safa. Allah ya taimake ni na cire batiran kafin in ajiye ta, da tuni sun zubar da ruwa sun cinye cikinta. Na aika yaro ya sayo batir huɗu, na zuba, na danna. Sai ga idonta ya turo kai waje da ɗan kukan nan da na yi shekara goma sha bakwai ban ji ba. Kyamarar ta nemi a saka mata kwanan wata. Na murɗa zuwa wurin duba hotuna, sai na tarar da guda tara a cikin katin, na ƙarshe da na ɗauka a 2008.

Na uku a cikinsu Inna ce, mahaifiyata. Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, faranti a cinyarta tana tsintar shinkafa, carbi a wuyan hannunta, buta a gefe, inuwar bishiyar darbejiya ta raba fuskarta biyu. Ba ta san ana ɗaukarta ba. Ta rasu a 2009, Allah ya jiƙanta. Na manta sam da wannan hoton, kuma babu kwafinsa a ko'ina a duniya sai a cikin wannan ɗan katin. Na daɗe ina kallo ban ce uffan ba, har yarinyar ta tashi ta ba ni wuri.

A aikin hajjin 2003, wanda ya faɗo a watan Fabrairu, na sayi kyamarar. Mun gama aiki muna Jidda muna jiran jirgi, kamar yadda aka saba alhazai suka bazu kasuwar Balad sayen tsaraba. Na ware wasu kuɗi daga guzurina don agogo da rediyo. Ina wucewa ta wani shagon kayan lantarki, mai shagon ya ɗaga wata 'yar kyamara ya haska mini fitila, sannan ya juyo mini da bayanta. Sai ga ni a cikin ɗan allo kamar kan sarki, da ƙwal-kwabon askin da aka yi mini a Mina. Gani ya kori ji. Na sha jin labarin kyamarar da ba ta cin fim, amma ban taɓa riƙe ta ba. Agogo da rediyo suka sha ruwa, har na ɗan taɓa kuɗin dardumai da dabino.

Canon PowerShot A40 ce, fitowar 2002. Ƙarfinta megafiksel biyu, wato kowane hoto ɗigo ne kusan miliyan biyu, 1600 a kwance, 1200 a tsaye. Tana janyo abu kusa ninki uku. Tana cin ƙananan batir huɗu irin na agogon bango, ta zo da kati samfurin CompactFlash mai megabait 8, da waya ɗaya ta kwamfuta, ɗaya ta talabijin. Ba ta shiga aljihun gaba, amma a aljihun gefe na kaftani zama take yi daram, sai dai nauyin batiran ya riƙa jan rigar gefe guda. Yaran yanzu za su ji megabait 8 su yi mamaki, domin hoto biyu ko uku na wayar yau sun cika shi. Mu kuwa a lokacin, in ka saita ta a kan babban hoto, goma da 'yan kai take ɗauka kati ya cika.

Wanda bai yi zamanin fim ba ba zai gane abin da ya ruɗe mu ba. A da in kana da suna ko ɗaurin aure, sai ka aika a kira mai hoton unguwa. Ya zo da Yashica a wuya, ya jera ku, ya ce kowa ya tsaya cak, ya danna sau ɗaya, domin kowace dannawa kuɗi ce. Fim ɗaya hoto 36 ne, wani 24, kuma ba zai kai wanki ba sai ya cika shi da hotunan wasu gidajen. Sai ka yi mako guda ko biyu kana jira. Ranar da ya kawo ne za ka ga ango ya rufe ido, ko an yanke kan liman. Wani lokaci kuma ya zo yana sosa ƙeya ya ce fim ya ƙone. Haka aka yi a ɗaurin auren ƙanena a 1996, ko ɗaya bai fita ba. Saboda haka ranar da na riƙe abin da zai nuna mini hoto nan take, in bai yi ba in goge in sake, sai na ga ai wahala ta ƙare.

Daren da na dawo, gida cike da 'yan sannu da zuwa, na jona ta da talabijin ɗinmu mai inci 14. Na ɗauki yara, na ɗauki maƙwabta, kowa ya ga kansa a akwatin da sai gwamna da 'yan wasa ake gani a ciki. Ihu har waje. Da na ɗauki Inna, sai ta matso kusa, ta kai hannu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kamar mai duba madubi, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah, wannan ai fuskar Iya ce." Mahaifiyarta take nufi, wadda ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

Abu na farko da na koya shi ne sha'anin batir. Kyamarorin wancan zamani duk haka suke, allo da fitila suna jan wuta da ƙarfi lokaci guda. In ka zuba mata batirin tocila mai arha, kafin ka yi hoto goma ta ɗauke, ko da kuwa batirin zai iya ƙara wata guda a rediyo. Na ga masu cizon batir da masu shanya shi a rana, duk ba ya kai ka ko'ina. Sai da na sayi masu caji guda takwas da caja, huɗu a ciki huɗu a aljihu. Caji kuma sai ya kwana, ga ɗauke wuta, don haka jajibirin kowane biki cajata tana shagon wani mai aski da ke da janareta. Daga baya na gane in na kashe allon na riƙa leƙawa ta ƙaramar tagar da ke sama, batir yana ninka kwana. Dama da tsakar rana ba ka ganin komai a allon sai ka yi masa rumfa da hula.

Abu na biyu kuwa da tsada na koye shi. Mahaifina almajiri ne na gaske, ba ya son hoto. Ra'ayinsa shi ne sai da lalura, kamar fasfo, kuma ban taɓa ɗaga masa kyamara ba, domin na san abin da ya dogara da shi. Ranar babbar sallar 2004, bayan an yi yanka an natsu, yana zaune a zaure a kan buzunsa, sai ya ce, "Kawo abin nan naka ka ɗauke ni da jikokina." Jikina har rawa yake yi. Yara suka kewaye shi, na danna sau ɗaya, ya ce ya isa. Abin da na manta shi ne tun da safe na mayar da ita kan ƙaramin hoto, 640 da 480, don katin ya ɗauki da yawa. Wannan kusan kashi ɗaya ne cikin shida na ɗigon da take iya ɗauka. A allonta ba ka ganin bambanci ko kaɗan. Bayan ya rasu a 2005 na kai a faɗaɗa mini shi in rataye a ɗaki, sai fuskarsa ta fito dabbare-dabbare kamar an jera ƙananan tubala. Mai wankin ya ce babu dabara, abin da kyamara ba ta ɗauka ba ba mai iya ƙara shi. Ɗan ƙarami muka wanke, bai fi tafin hannun yaro ba, shi ne kaɗai hotonsa da muke da shi ban da na fasfo. Da na sani ƙeya ce. A makon na je titin Beirut na sayi kati mai megabait 128, ban sake rage girman hoto ba har na ajiye ta.

Sai kuma jinkirinta. Kyamarar fim kana dannawa ta ɗauka. Wannan kuwa sai ta tsaya ta auna nisa da haske tukuna. Na gane haka sosai a Hawan Daushe na ƙaramar sallar 2003, wadda ta faɗo a ƙarshen Nuwamba. Na sami wuri tun da la'asar sakaliya a Ƙofar Kudu, ina jiran dawowar Sarki daga Babban Ɗaki. Da aka fara jafi, mahaya suka sako dawaki a guje, duk wanda na danna sai in ga wutsiyar doki da ƙura, mahayin ya riga ya fice. Hoto wajen ashirin na goge a tsaye. Can wani saurayi da ke kusa da ni, da alama ya san kan abin, ya ce, "Baba, danna rabi ka riƙe, in ta yi ƙara ka jira, sai sun shigo ka ƙarasa." Haka na yi. Na auna wurin da dawakin ke ja da baya su yi turjiya, na danna rabi, na jira. Da wannan dabarar na sami hoton da har yau nake alfahari da shi: Mai Martaba Alhaji Ado Bayero a ƙarƙashin laima, dogarai da jajayen riguna da kore sun kewaye shi, 'yan lifida a baya, hasken yamma ya ratso ƙura ya mai da ita kamar zinariya. Sarki ya rasu a Yunin 2014 bayan ya shekara sama da hamsin a kan gado. Wannan hoton yana nan, domin na wanke shi a kan takarda tun a lokacin.

Akwai wani alheri da waɗannan ƙananan kyamarori suka kawo gidajenmu wanda ban taɓa jin an ambata ba. A gidan da ake kulle, mai hoto namiji iyakarsa ƙofar zaure. Duk abin da ake yi a ciki, kamu, sa lalle, wuni, wankan amarya, jeren ɗaki, ba ya shiga hoto sai dai a fito da amarya waje a tsayar da ita kamar gunki. Da na koya wa uwargidana yadda ake danna rabi, sai kyamarar ta zama ta mata fiye da ni. Ita ke shiga da ita ko'ina. In mayafi ya zame ko wata ba ta son yadda ta fito, nan take a nuna mata a goge a gabanta, hankalin kowa a kwance. Dattijai mata da ba su taɓa tsayawa gaban baƙo ba suka yarda 'yarsu ta ɗauke su. Kusan kowane mako sai an aiko yarinya daga maƙwabta, "Wai in ji Umma a ara mata kyamara." Da kyamara ɗaya aka yi bikin gidaje fiye da ashirin a layinmu.

Mai hoton unguwarmu bai ji daɗin wannan ba, kuma ina ganin yana da gaskiyarsa, domin abincinsa ne ya ragu. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaure mini fuska ba. Wata rana na tsaya a shagonsa ina nuna masa hotuna a allo, ya kalla, ya yaba, sannan ya ce, "Malam, nawa ka wanke a ciki?" Na ce ai suna nan a ajiye, duk ranar da na so zan wanke. Ya ce shi a saninsa hoton da bai hau takarda ba bai gama zama hoto ba. Na ɗauka kishin sana'a ne. Shi ma bai daɗe ba ya sayi tasa ta zamani, fim ya fara wuyar samu. Abin bai tsaya kan masu hoton unguwa ba, domin Kodak kanta, shahararriyar mai yin fim, wadda injiniyanta Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, a Janairun 2012 ta je kotu ta nemi kariya daga masu binta bashi. Su ma ƙananan kyamarorin waya ta zo ta ture su. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120, a 2023 kuwa ba su kai miliyan 8 ba. Ni ma a 2008 da na sayi waya mai kyamara na naɗe tawa a safa.

To, Malam Edita, ga inda gizo ke saƙar. Shekara uku na farko ba ni da kwamfuta. In kati ya cika sai in je wani shagon kwamfuta, su kwashe su ɗura mini a faifan CD, in dawo in goge kati in ci gaba. Faifai ɗaya megabait 700 ne, yana ɗaukar hoto kusan dubu. Ana gaya mana faifan ba ya lalacewa, sai dai jikokinka su gaji da kallo. A 2006 na sayi kwamfuta ta hannu na riƙa zubawa a ciki, bayan 'yan shekaru ta mutu da duk abin da ke cikinta, mai gyara ya ce ma'ajiyarta ce ta tafi. Ban damu sosai ba, na ce ai akwai faifai. Da wannan yarinya ta tayar da kyamarar, sai na je na kwaso su, guda goma sha huɗu, a cikin wata leda a saman kwaba. Samun abin da zai karanta su ma aiki ne, domin kwamfutocin yanzu ba su da wurin sa faifai, sai da na aro na jonawa. Tara sun buɗe. Biyar sun ƙi, sai dai ka ji faifan yana juyawa yana juyawa, ya tsaya.

Wani tsohon ɗalibina da ya karanci kwamfuta ya yi mini bayani. Irin faifan da ake ɗura wa abu a shago ba kamar na kamfani ba ne. Wani siririn rini ne a cikinsa wanda haske ke ƙonawa ya bar alama, kuma zafi da rana da laima suna cin rinin a hankali. Bayanan kuma sun fi kusa da saman faifan, wurin da muke rubutu, ba ƙasan da muke ta gogewa da gefen riga ba. Ni kuwa da biro na riƙa rubuta shekara a kai ina dannawa, na kuma ajiye su a ƙarƙashin kwano, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Da na ɗaga ɗaya a rana, sai na ga ƙananan huji kamar an tsira da allura.

A cikin biyar ɗin da suka ƙi akwai na rabin ƙarshe na 2004. A nan sunan wannan 'yar autar yake. Yayyenta huɗu da aka haifa zamanin fim kowa yana da hotonsa na ranar suna a albam, ya ɗan yi ja amma ana gane kowa, har da nagatif ɗin a cikin ambulan. Ita da aka yi wa hoto sama da ɗari a ranar, yau ba ta da ko ɗaya. Da na gaya mata ta ce ba komai Abba, amma na ga yadda ta ɗauki faifan tana juya shi.

Wasu 'yan kaɗan da na buga da firintar tawada a shekarun farko su ma sun koɗe, fuskoki sun koma kore-kore. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda na kai gidan wankin hoto na sosai, bayan sun kawo injinan da ke karɓar kati su fitar a kan takardar hoto ta asali. Waɗannan suna nan kamar jiya aka yi su.

A matsayina na wanda ya koyar da tarihi shekara talatin, abin ya wuce hoton suna da na biki. A faifan da suka buɗe na zauna ina duba abin da ke bayan mutane, wanda ban ma yi niyyar ɗauka ba. Ga rumfunan kiran waya da lema mai launi da yarinya zaune da waya ɗaya, sana'ar da ta ɓullo bayan zuwan GSM a 2001 ta kuma ɓace cikin 'yan shekaru. Ga 'yan acaɓa cike da titi, waɗanda aka hana ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013. Ga A Daidaita Sahu na farko-farko. Ga kududdufai da yanzu an cike an yi gini, ga badala a wuraren da yau babu ko alamarta, ga mahaɗar tituna kafin a yi gadojin sama. Ina da hoton tsohuwar Ƙofar Na'isa da na ɗauka don in nuna wa ɗalibai, kafin a rushe ta a 2010 wajen faɗaɗa titi. Wadda aka gina a madadinta ba ita ba ce. Hotunan da Turawa suka ɗauka a Kano farkon ƙarni na 20 suna nan ana ta buga su a littattafai, amma ina tsoron nan da shekara hamsin mai bincike zai fi samun Kano ta 1910 a kan Kano ta 2005. Fim ya riga ya ja baya a lokacin, ajiya a intanet kuma ba ta kai gare mu ba, sai waɗannan shekaru suka faɗa tsakani.

Shi ya sa nake kira ga duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan kyamara, ko wace iri ce, har da masu Sony Mavica mai cin fulofi da na riƙa gani a ofisoshi, ya je yau ya duba akwati. In da batir a ciki a cire. In ka sami kati kada ka bari kowa ya yi masa fomat, wato ya share shi gaba ɗaya, ko da kwamfuta ta nemi a yi, domin sau da yawa ana iya ceto abin da ke ciki, har wanda aka goge ma, muddin ba a ɗora wani a kansa ba. Katunan iri-iri ne, CompactFlash da SmartMedia da Memory Stick da xD, kowanne da bakinsa, amma har yanzu ana samun abin karantawa mai baki da yawa a kasuwa. Faifai kuma a kwashe abin da ke ciki tun suna buɗewa, a ajiye a wuri biyu ko uku, ɗaya a wani gida daban. In za a tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar tana matse hoton ta rage shi. Sannan a zaɓi waɗanda ba a son rasawa a kai a wanke, a juya baya a rubuta sunan kowa da wuri da shekara, da fensir, tun da sauran wanda ya san su. A tsohon albam ɗin gidanmu akwai mutane da rawani da babu mai iya gaya mini ko su wane ne.

Ina kuma roƙon wuraren da aka ɗora wa amanar adana tarihi, irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, da Arewa House da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, su buɗe ƙofa ga irin waɗannan hotuna. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba: kwamfuta ɗaya, abin karanta kati da faifai, da ma'aikaci mai haƙuri da zai zauna da mutum ya tambaye shi ina ne nan, yaushe ne. Mai hoto ya tafi da abinsa, su riƙe kwafi da izininsa, a kuma bar na cikin gida ga masu shi. Tsofaffin masu hoton unguwa su ya kamata a fara nema, domin akwai waɗanda ke da buhun nagatif da faifai a bayan shago, ranar da suka rasu magada za su zubar. Kai ma, ranka ya daɗe, da za ka ware ɗan gefe a wannan jarida kowane mako ka riƙa buga hoto ɗaya na waɗancan shekaru daga masu karatu, da bayanin wuri da shekara, na tabbata za ka sha mamakin abin da zai fito daga akwatuna. Ni zan fara aiko da na Ƙofar Na'isa.

Kyamarar dai na ba yarinyar, da sabon kati, ta koma makaranta da ita. Tsohon katin yana wurina. Hotuna taran na kai an wanke, na Inna guda shida na sa aka yi, na rarraba wa ƙannena, ɗaya kuma na aika wa ƙanwarta da ta rage a ƙauye. Faifai biyar ɗin nan ban zubar ba, na sa kowanne a gidansa na ajiye a ɗaki mai sanyi. In a cikin masu karatu akwai wanda ya ƙware wajen ceto abin da ke cikin faifan da ya ƙi buɗewa, don Allah ya rubuto ta wannan shafi. Wanda na fi buƙata shi ne mai rubutun "2004, na biyu" a kai.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Gwale, Kano.